Wasiƙar da Na Sa a Buhun Albasa

Asabar, 5 ga Afrilu 2025

Sabon kaye, littafin da nake rubuta sirrina. Na rantse wannan karon Sakina ba za ta gan shi ba, ko da ita ce ƙawata ɗaya tak a duniya.

Jiya a lakwal, makarantarmu ta boko, malaminmu Mushe Fa'izu ya ce mu nemo garinmu a taswirar da ke jikin bango. Mun samu Tawa, mun samu Konni, ɗan ɗigo a bakin iyaka. Galmi babu. Sai ya yi dariya ya ce, garin da taswira ta manta da shi, a kasuwar Abijan da Lome da Kumasi sunansa ake kira tun safe, saboda albasarmu. Ya ce Malbaza ma haka, siminti ya kai sunanta inda mutanenta ba su taɓa takawa ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Littattafan soyayya goma sha bakwai na karanta, duk waɗanda yayan Sakina ke kawo mata daga Sakkwato. Duk a Kano, Abuja, Kaduna ake soyayyar. Ba a taɓa son kowa a Galmi ba. Wa zai rubuta yarinyar da hijabinta ke warin albasa? Kullum sai na goge hannuna da lemun tsami kafin in fita.

Amma an san mu. Su wa? Kuma me suke zato?

Litinin, 7 ga Afrilu

Muttaƙa direba, mai kai wa Baba kaya Kumasi, ya zo gaisuwa. Na laɓe bayan zana ina tsintar shinkafa. Ya ce can matan kasuwa sai su ɗaga albasa sama suna "Galmi! Galmi!" kamar suna kiran ɗansu da ya ɓata. Na so in tambaye shi ko sun san gari ne mai mutane da awaki da lakwal. Na dai ci gaba da tsintar shinkafata.

Sakina ta ce: "Ke dai Hamdiyya, kowane gari da abin da anka san shi. Ke kuma an san ki da kallon ƙasa."

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na yi wani abu.

Inna ta aike ni kai abinci rumfar da ake cika buhunan Baba. Baba Maikano kaɗai na tarar, tsohon da ke zaɓen albasa da ɗinkin buhu tun ban zo duniya ba. Ya tashi sallar la'asar, ya bar wani buhu bai kai ga ɗinka masa hula ba, ragar nan da ake rufe bakinsa da ita. Na tura hannuna har gwiwar hannu na sa wasiƙata a tsakiya.

Abin da na rubuta: "Zuwa ga wanda ya buɗe wannan buhu. Ni yarinya ce a Galmi. Ka san sunan garinmu, amma yaya kake ganinsa a zuciyarka? Ni ban taɓa wuce Konni ba." Na zana fure. Na ɗiga turaren Inna. Ban sa suna ba, ni ba wawiya ba ce.

Don kada ta jiƙe na naɗe ta a leda biyu, na ɗaure da baƙin zare tamau.

Asabar, 12 ga Afrilu

Kamiyon Muttaƙa, babbar motar kayan, ya tashi. Na tsaya bakin titi har ya ɓace. Takardata ta riga ni fita.

Lahadi, 20 ga Afrilu

A raina dogo ne, mai farar shadda, ɗalibi, yana taya mahaifiyarsa shago lokacin hutu. Ya buɗe, ƙamshi ya buge shi, ya kasa cin abinci. Sai ya shiga mota yana tambaya gari gari...

To amma in ya iso, wa zai ce yana nema? Ban yi wannan tunanin ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Innalillahi.

Muttaƙa ya dawo. Hajiya Hawa'u, matar da ke sayen kayan Baba a Kumasi shekara da shekaru, ta buɗe wani buhu ta tarar tsakiyarsa ya ruɓe, kuma cikin ruɓar ga wani ƙunshi ɗaure da baƙin zare. Ba wanda ya yarda ya kwance. Sun ce laya ce, asiri aka yi wa cinikinta. Ta ba Muttaƙa ya maido wa mai shi.

Mai shi! Na manta kowane buhu na Baba da alamarsa, layi uku na koren fenti. Ni da nake ganin ana shafa fentin nan kullum. Ban sa suna ba, ashe sunan gidanmu na jikin buhun ƙato.

Baba ya ce hannu ɗaya ke cika masa buhu. Ya ce kada Baba Maikano ya sake taɓa kayansa. Ƙunshin yana cikin aljihun babbar rigarsa, ranar Juma'a bayan masallaci zai kai wa Liman ya buɗe a gaban mutane.

Laraba, 30 ga Afrilu

Baba Maikano ya zo da safe. Bai shigo zaure ba, ya durƙusa bakin ƙofa, tsoho da furfura. Ina jin su daga tsakar gida.

"Alhaji Rabo, shekara ashirin da biyu. Ko da ni mugu na, ba ni sa leda cikin buhu. Albasa rai gare ta, numfashi takai. In ka sa mata leda gumi za ta yi, ta kashe ta kusa da ita. Wanga aikin wanda bai san albasa ba na."

Baba ya ce: "To wa a Galmi bai san albasa ba?"

Ni ce.

Shekarata goma sha shida a garin nan ban san tana numfashi ba. Na san kalar motar da saurayi ke zuwa da ita a kowane littafi.

Baba Maikano ya tashi ya tafi da basillarsa a hannu, allurar ɗinkin buhu da ya zo da ita wai ko za a ce ya koma aiki. Ba a ce ba. Kuma yanzu ne tsakiyar kakar albasa, in labarin laya ya zaga tasha ba mai ba shi buhu ko ɗaya.

Alhamis, 1 ga Mayu

Babu lakwal yau. Na gaya wa Sakina komai, ta ce in yi shiru. "Ba suna, ba shaida. Liman ya karanta, a yi dariya, a ce wata mahaukaciya ta."

Na ce in an yi dariyar, za a ce Baba Maikano ya bar buhu ba tsaro, ko a ce jikarsa ce. Ta ce, to ke kin fi son a ce ɗiyar Alhaji na aika wa maza wasiƙa cikin albasa?

Sau uku na je wurin Inna tana dunƙula gabu, ganyen albasar da take dakawa ta shanya. Sau uku na ce mata ko in ɗebo ruwa.

A littafi yarinya suma take a irin wannan wuri, sai a gane komai. Na gwada. Ban suma ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na faɗa.

Da hantsi Baba yana gyara rawaninsa. Na durƙusa, na kalli tabarma, na ce "Baba ni ce." Bai ji ba. Na sake. Ya ce "Ke ce mi?" Na ce ƙunshin.

Ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa. Ya fito da shi, ya miƙo mini, ya ce kwance. Na kwance. Turaren Inna ya haɗu da ruɓaɓɓiyar albasa, wani wari da ba zan manta ba har in mutu. Ya ce karanta. Na karanta, har wurin "a zuciyarka". Inna ta toshe baki da gyale, ban sani ba ko kuka ne ko dariya.

Ina jiran maganar maza, ko ta littattafai. Abin da ya ce kawai:

"Leda. Ɗiyata, haihuwar Galmi, leda cikin albasa."

Kamar wannan ya fi masa ciwo.

Bai jira masallaci ba. Ya sa ni gaba har gidan Baba Maikano, a ƙasa, rana tsaka. Shi ya fara ba da haƙuri, ban taɓa jin Baba yana ba wani haƙuri ba. Sannan ni. Baba Maikano ya kalle ni ya ce: "Ashe ke ce malamar tamu mai laya." Ya yi dariya har da tari. Amma idonsa ya yi ja, na gani.

Hukuncina: kowace Asabar da Lahadi ina rumfa ina zaɓe a gefensa har kaka ta ƙare. Littattafan ba a karɓe ba. Na yi mamaki.

Talata, 6 ga Mayu

Baba ya aika wa Hajiya Hawa'u saƙon murya ya bayyana mata komai. Yau ta maido amsa, ya kira ni ya kunna. Hausarta wata iri, tana ce wa mace "ya".

Ta yi dariya kusan minti guda kafin ta iya magana. Ta ce ta yafe. Sannan ta ce a gaya wa yarinyar, ga amsar tambayarta: shekara talatin tana kiran Galmi a kasuwa, sunan nan ya aurar mata da ƴaƴa huɗu, ya kai ta Makka, kuma ita a zuciyarta birni ne mai benaye, ya fi Yamai girma, da babban kogi a tsakiya. "In ba haka ba ne, yarinya ya gaya mini da bakinsa yadda yake."

Ba dogo mai farar shadda ba. Tsohuwa ce mai tari.

Amma ta amsa.

Benaye! Mu da titi ɗaya ya ratsa mu.

Asabar, 10 ga Mayu

Bayana kamar ya karye. Baba Maikano ya ce a wuya ake gane albasa: ka danna, in ya yi laushi ba za ta kai Doso ba, balle Kumasi. Manya a ƙasan buhu, masu kyawun fata a baki. Ba a jefa ta, ajiye ta ake. Na tambaye shi me ya sa tamu ta fi, ya ce ƙasar ce, da ruwan baraj, wato madatsar ruwanmu, da iri da kakanni suka ƙi sayar da na ƙwarai. Wani a rumfar ya ce ƙarya ne, rana ce. Suka yi ta musu. Ba wanda ya sani tabbas! Zan tambayi Mushe Fa'izu, in na iya ɗaga hannu.

Me zan ce wa Hajiya? Na fara lissafa abin da ke garin, na ga rabi ban taɓa kallonsa sosai ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na yi saƙon a wayar Baba. Na gaya mata babu bene, babu kogi. Na gaya mata rudu, rumbunan kara da albasa ke kwana a ciki wata da watanni, jere a bayan gari kamar wani ƙauye na biyu. Da jajayen duwatsu. Da Baba Maikano da basillarsa. Da na gama na duba, minti shida. Inna ta ce tun da ta haife ni ba ta taɓa jin na yi magana mai tsawon haka ba.

Sakina ta aiko a karɓi littafinta. Ina shafi na arba'in tun wancan mako. Aiki ne ya yi yawa, ba wani abu ba.

Yau na cire guda bakwai masu laushin wuya daga tulin da Baba Maikano ya riga ya duba. Sai ya matsa mini wuri a tabarmarsa.

Kayen nan ma ya fara wari. Lemun tsamin da Inna ta yanka mini yana kan taga tun safe, ya bushe. Mantawa na yi. Ina jin mantawa ce.