Ƙarfen Bayan Shigeto

Zuwa ga Yaya Tamae,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan sanyin arewa bai tayar miki da ciwon gwiwa ba, kuma maigida da yara suna cikin ƙoshin lafiya. Mama tana nan da sauƙi, kullum sai ta kunna turare a gaban hoton marigayi Baba ta ba shi labarin tsadar shinkafa. Ta hannun Kawu Genzo na aiko wannan, don ba maganar gidan waya ba ce.

Kin san tun bara masana'antarmu take ƙara wa jirgin yaƙi faifan ƙarfe a bayan kujerar matuƙi, saboda ta baya ake harbe yaranmu. Ni na yi lissafin kaurinsa, ko da yake a ofis an fi yaba shayin da nake dafawa. Makon jiya aka tura ni sansanin da autanmu Shigeto yake, in duba yadda aka ɗaura. Yaya, ƙanshi ne ya fara tarbata. A bayan rumfar jirage na tarar da matuƙa sun ɗora ƙarfena a kan duwatsu, sun hura wuta, suna gasa dankali. Wani ma ya rusuna ya gode mini, wai bai taɓa ganin abin da ke raba zafi daidai haka ba, a gaishe da jami'ar da ta koyar da ni. Na leƙa jiragen ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowace kujera wayam, har da ta Shigeto.

Na ja shi ɗakin makanikai. Ya yi dariya ya kira ni Malama, wai nauyin yana hana jirgi hawa da sauri. Na ce na auna, abin da ake rasawa bai kai a yi magana ba. Sai ya daina dariya. Ya ce shugabansu ne ya fara cire nasa, wai duk mai kare bayansa ya riga ya yi niyyar gudu, to shi Shigeto, in ya bar nasa, da wane ido zai zauna cin abinci da su? Ya buɗe riga ya nuna mini ɗamarar tsari da Mama ta tsaya da ita bakin tasha har mata dubu suka sa mata ɗinki ɗaya-ɗaya, wai wannan ta ishe shi. Na ce zare ne, Shigeto, zare! Ya ce jirgin ƙasa zai bar ni, ya raka ni waje, ya ja ƙofa.

Ki rubuta masa, Yaya. Ke kaɗai yake jin tsoro tun yana yaro. Da na dawo Mama ta tambaye ni ko ƙarfen ya yi masa daidai. Na ce mata kullum suna amfani da shi.

Ki gaishe da maigidanki Yaya Noboru, da yara, Chizu da ƙaramin Isamu.

Ƙanwarki,
Fusae