Filin Karnuka Ko Maƙwabcina Idwal?

Anti Nesta, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma a ƙauyen nan duk wanda na faɗa wa, maganar za ta riga ni isa coci ranar Lahadi.

Na haura shekara hamsin, ban taɓa aure ba. Ni kaɗai nake zaune a gonar da mahaifina ya bar mini a tuddan bayan garin Tregaron. Da ya rasu na sayar da tumakin, domin gwiwoyina sun daina yarda da hawa da gangara. Tun daga nan makiyayar da ke ƙasan gida take zaune haka kawai, ciyawa tana girma abinta. Da safe nakan tsaya a taga riƙe da kofin shayi, ina kallon farin hazo yana tasowa daga rafi yana ratsa ta a hankali, har shayin ya huce ban sani ba.

A watan Yuni na bara wata mata, Heulwen, daga garin Aberystwyth, ta tsayar da mota a ƙofar gona. Tana da wani dogon kare siriri, irin waɗanda ake tsere da su, ta karɓo shi bayan an gama cin moriyarsa. Ta ce tun da ya zo hannunta bai taɓa fita ba igiya a wuya ba, domin in ya hango zomo ba kiran da zai dawo da shi. Ta roƙi in bar shi ya ɗan zaga a cikin shingen dutsen da muke ware tumaki. Muka rufe ƙofa, ta kwance igiya. Anti, karen nan tsayawa ya yi yana kallonta kamar bai yarda ba. Can sai ya ɗiba da gudu. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, kamar ƙasa ba ta jin nauyinsa. Da na waiwaya, matar tana share hawaye da hannun rigar sanyinta.

Ita ta gaya mini akwai manoman da suke kewaye fili da doguwar waya, masu karnuka su kama haya ta awa guda, su shiga su kaɗai, su saki abinsu hankali kwance. Ta ce a yankinmu sai an yi tafiya mai nisa kafin a sami ɗaya.

Tun ranar abin ya shiga raina bai fita ba. Ina wanke-wanke ina ganin filin. Na san inda benci zai zauna, a inuwar itacen da ke tsakiya. Na san inda zan ja famfo don karnuka su sha, da 'yar rumfar fakewa in ruwan sama ya sauko. Nakan ga tsofaffin karnuka suna tafe sannu-sannu cikin raɓa, matsorata suna ɗaga wutsiya karo na farko, masu su suna zaune shiru suna kallon tuddai. Wani lokaci har haushinsu nake ji, alhali iska ce kawai. Ba wai zancen abin sawa a baki kaɗai ba ne, ko da yake shi ma yana ciki. So nake in sake ganin abu mai rai yana motsi a ƙasar nan.

Ga inda gizo yake saƙa. Gonar da ke maƙwabtaka da makiyayar ta Idwal ce, mai kiwon tumaki, matarsa ta daɗe da rasuwa. Tun bayan jana'izar mahaifina yake saukowa, yau ya gyara mini katangar da ta zube, gobe ya duba bututun hayaƙi, sannan ya zauna shan shayi da burodin zabibi har a manta da abin da ya kawo shi. Bai taɓa furta maganar so ba, ni ma haka. Amma na fara yanka burodin kafin in ji ƙarar motarsa.

Da na ba shi labarin filin, dariya ya fara yi. Ya ce, "To fa, yanzu kare ma sai ya biya haya kafin ya yi gudu? Gobe kuma sai ki gina musu ɗakin shan shayi." Da ya ga da gaske nake, sai ya ajiye kofi. Ya tuna mini abin da na riga na sani: a lokacin haihuwar tumaki da ya wuce, karen wasu 'yan yawon buɗe ido ya faɗa garkensa, ya yayyaga wasu, wasu kuma suka yi ɓari don firgita. Shi ya kwashe su da hannunsa. Ya ce a hankali, "Ƙasarki ce, ba ni da ta cewa. Amma wayar nan in kin kafa ta, ba karnuka kaɗai za ta tsare ba. Ni ma za ta tsare ni a waje."

Tun ranar bai sauko ba. In mun haɗu a kasuwar dabbobi yakan taɓa hula alamar gaisuwa ya wuce. Ni kuwa da safe ina tsaye a taga, wani lokaci karnuka nake gani a cikin hazon, wani lokaci shi. Wanne zan saki, Anti?

Mai Tsayuwar Taga

*

Mai Tsayuwar Taga, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban ga dalilin da zai sa ki saki ko ɗaya yanzu ba, tun da ba ki kama ko ɗaya ba tukuna. Filin yana cikin kanki, mutumin kuma bai furta yana sonki ba.

Mu fara da Idwal. Tsoronsa ba rigima ba ce. Wanda ya ɗauki tunkiyarsa a yayyage yana da hakkin ya ji gabansa ya faɗi in aka ambaci karen birni. Sai dai bai lura da abu guda ba: karen da ya yi masa ɓarna sakinsa aka yi a tudu domin mai shi ba shi da inda zai sake shi. Filin da kike so magani ne ga irin wannan, in an gina shi yadda ya kamata.

Yadda ya kamata kuwa ba benci da inuwa ba ne. Waya ce da ta fi tsayin mutum, a binne gindinta don masu tono. Ƙofa biyu, ta farko ta rufu kafin a buɗe ta biyu. A ɓangaren Idwal ki ja shingen baya, ki bar fili a tsakani, ki dasa itatuwa masu duhu, don kada kare ya ga tunkiya, kada tunkiya ta ga kare. Kashin karnuka a kwashe shi kullum, yana sa wa tumaki cuta. Ki nemi izinin ƙaramar hukuma, ki yi inshora, ki duba ko hanyarku za ta ɗauki motoci. Ki je ki yini a filin wani, ranar da ake ruwa da taɓo, ki ga ko mafarkin zai jure jiƙewa. Kuma ki yi tunanin rufewa a makonnin haihuwar tumaki, ko da za ki yi asara.

Sannan ki haura wurinsa da ƙafarki. Kada ki nemi izininsa, ƙasarki ce. Ki nemi saninsa: ku bi iyakar tare, ya nuna miki duk inda kare zai iya kutsawa, a yi shingen yadda shi zai yarda da shi. Makiyayi ya fi amincewa da abin da hannunsa ya gwada.

Ki kuma yi masa tambayar da ku biyu kuke ta kewayewa. A shekarunku ba a jiran wani ya fara. In ya ce yana sonki amma yana tsoro, tsoro ana zama a sasanta shi. In kuwa ya ce sai dai ki bar ƙasarki ta zauna kufai kafin ya dawo, gara ki ji haka yanzu, domin mai sa irin wannan sharaɗi tun bai yi alkawari ba, ba a nan zai tsaya ba.

Zuciyata dai tana gaya mini mutumin nan ciwo yake ji, ba mulki yake nema ba, kuma shi ma kunyar saukowa ce take riƙe da shi. Ki rage masa tafiyar. Allah ya sassauta miki gwiwoyin, ya sa ki sami amsar da za ki iya zama da ita.

Anti Nesta