Farin Yadin da Inna Ta Aika Faraya

Faraya, dutsen Lubnan, 4 ga Janairu 1968

Zuwa ga yayata Mastura,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Salla. Ina gaida mijinki Abdulghani da duk mutanen Sharafiyya. Ki gaida mini Inna, ko da ba za ta amsa ba.

Kin tambaye ni wane irin aiki nake yi tun da na bar tuƙin mota. Otal ne a kan dutse, inda masu hali ke zuwa su ɗaura katakai a ƙafa su yi ta zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ni ba na zamiya. Da na idar da asuba sai in hau da doguwar sanda, in caka a wurare uku, in ga zurfin dusar da ta kwanta, in taɓa in ji ko mai laushi ce ko ta daskare. Sai in buga waya Berut, su kuma su karanta a rediyo da hasashen gobe. Yau santimita tamanin, kuma an ce wata na tafe ran Lahadi.

Na yi Salla ni kaɗai, Yaya. Ƙauyen nan duk Kirista ne, mutanen kirki, amma babu mai ce maka taso mu tafi idi. Na zauna ina tuna yadda Baba ke jan mu kasuwar Balad sayen takalma, gumi na zuba, Inna na biye tana faɗa. Wallahi har zafin Jidda nake kewa.

Shekara huɗu ke nan. Har yanzu ba ta ambaci sunana ba?

Ƙanenki, Haladu

Sharafiyya, Jidda, 19 ga Shawwal 1387

Haladu, sarkin awon sanyi,

Wa alaikassalam. Kowa lafiya, sai ƙafafun Inna da suka fara kumburi.

A'a, ba ta ambata ba. "Wancan" take cewa. Ka san maganarta: Baba ya tako daga Haɗeja shekara bakwai a ƙafa don 'ya'yansa su rayu su mutu kusa da Ɗakin Allah, kai kuma ka bi mai gidanka Lubnan ba ko sallama, ka ƙi dawowa. Gaskiyarta ce, kada ka ce in lallashe ka.

Amma bari in tona mata asiri. Kullum da hantsi sai ta sa Abdulghani ya kamo Berut, wai waƙa take so. Inna da waƙa! Da an zo wurin "Faraya, kaza santimita" sai ta ce halas, ya isa, a kashe. In ta ji awo, ta san ka tashi lafiya ke nan.

Ran Lahadi suka ce dusa ta gangaro ta rufe wasu makiyaya biyu a can wajenku. Ba ta ci abincin rana ba. Washegari ta ba ni wannan ƙunshin, ta ce a ba Usuman direba da zai bi ta Sham. Na ce mene ne? Ta ce ba ruwana. Ko saƙon baki ba ta haɗa ba.

Allah ya tsare ka. Yayarka, Mastura

Faraya, 9 ga Fabrairu 1968

Yaya Mastura,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ƙunshi ya iso, kuma ban ji kunyar yin kuka gaban Usuman ba.

Farin yadi ne mai kauri, yana ƙamshin akwatin Inna. Na ce lallai ta ji labarin sanyi ne, ta tausaya mini. Na kai wa matar Abu Toni, mai otal ɗinmu, ta ɗinka mini riga da wando na ciki, ragowar ta yi wa kwat ɗina shafi. Kullum da su nake hawa. Jiya iska ta yi ƙarfi har aka hana baƙi zamiya, amma ni ko a jikina.

Ki ce mata na gode. Ki tambaye ta ko wannan yafiya ce, don ni haka na ɗauka.

Naki, Haladu

Sharafiyya, 22 ga Zulƙida 1387

Haladu,

Bayan sallama: inna lillahi! Kai dai ba ka da kai, tun kana yaro.

Ina karanta mata, da na zo wurin riga da wando sai ta dafe ƙirji. Likkafaninta ne, ya akhi! Wanda ita da Baba suka jiƙa da Zamzam shekarar da suka iso Makka, suka shanya a rana, kowa da nasa. Da nasa aka rufe shi. Nata shekara talatin yana ƙasan akwati, ko ni ban taɓa ganinsa a buɗe ba. Ta ce tunda ka zaɓi mutuwa inda babu mai yi maka sutura, gara ita ta tafi da yadin kasuwa, kai ka tafi da wannan.

Na zaci za ta yi kuka. Can ta ce, "Wando?" Na ce wando. Sai ta kama dariya har da tari, ni ma na kama, Abdulghani ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Da ta share ido ta ce, "Haladu ke nan." Da bakinta, na rantse.

Kada ka yi saurin murna. Na tambaye ta maganar yafiya, ta ce ba a yafe wa takarda. Ta ce wanda ya yanka shi zai sayo wani, ya kai ta Makka da kansa, su jiƙa tare. Kuma in faɗa maka gaskiya, kumburin ya haura gwiwa, a zaune take salla. Likita ya duba ta, kuma yanayin fuskarsa bai yi mini daɗi ba.

Yalla, maza, ka san abin da za ka yi. Mastura

Berut, 1 ga Maris 1968

Yaya,

Assalamu alaikum. A gurguje nake rubutu, wani alhaji mai bin jirgin sama zai kawo miki.

An yi hasashen dusa mafi yawa a bana, otal ya cika maƙil. Abu Toni ya ce in na sauka yanzu kada in dawo. Na miƙa masa sandarsa, na sauko kafin hanya ta rufe. Motar Jidda za ta tashi jibi.

Ki tambayar mini Inna kamu nawa ake saya, ban taɓa sayen irinsa ba. Zan saya, zan kai ta, zan durƙusa. Amma ki roƙar mini ita don Allah, kada ta yi saurin sawa.

Ƙanenki, Haladu