Wanda Zai Wanke Ni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Ya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau, sai 'yar rawar hannu. Kin san ni ke wanke mamatanmu a nan. Makon jiya na kasa ɗaure likkafanin wani tela, sai da aka kama mini. Likita ya ce tsufa ne, ba magani. To, dama aron hannun Allah Ya ba ni.

Na fara koya wa direban da muke ɗaki ɗaya. Na kwanta a tabarma, ya gwada a kaina yana hawaye. Ya iya, alhamdulillahi.

Zuwa gida kam, sai yadda Allah Ya yi. Ki yafe mini. Kar Inna ta ji.

Ƙaninki.