Wata Goma Sha Huɗu a Bayan Shingen Waya

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Wasanni ta Ƙasa,
Hedikwata, Bene na Uku.

Daga:
Babban Koci (wanda aka dakatar),
Cibiyar Horar da 'Yan Wasan Tanis,
Gida mai lamba 6, Rukunin Gidajen Ma'aikata.

22 ga Afrilu, 2025

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DAKATAR DA NI DAGA AIKI TUN 20 GA FABRAIRU, 2024 BA TARE DA AN SAURARE NI BA, DA HALIN DA WATA 'YAR WASA KE CIKI

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, ina neman izini in gabatar da kukana. Wannan ce takarda ta biyar da na rubuta kan maganar nan. Huɗun farko na miƙa su ga Sakataren Ƙungiyar Tanis kamar yadda ƙa'ida ta tanada, ban sami amsar ko ɗaya ba. Dalilin tsallake shi ke nan, ina kuma neman afuwa.

Yallaɓai, ni tsohon ɗan wasan tanis ne. Shekara goma sha uku na yi ina buga wa ƙasar nan wasa a gida da waje, da hannun hagu, shi ya sa har yau Bahago ake ce mini. Sau huɗu na ɗauki kofin ƙasa. A shekarar 2009, ana gobe wani babban wasa, gwiwata ta kumbura. Aka yi mini allurar kashe zafi, aka ce in daure in shiga, jama'a na jira. Na shiga, na kuma ci. Bayan nan sau biyu aka yi wa gwiwar aiki, ban ƙara ɗaukar kofi ba, kuma yau in zan hau bene sai na dafa ƙarfe. Na zama koci a 2012. Na kawo wannan tarihi ne domin a fahimci abin da ke tafe.

1. Ranar Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024, aka shirya wasan ƙarshe na gasar mata ta ƙasa. Ɗaya daga cikin masu bugawa ita ce 'yar wasan da na horar tun tana shekara goma sha ɗaya, yanzu tana da goma sha tara, wadda abokanta ke kira Walƙiya saboda saurin bugunta. Da safiyar ranar, wajen motsa jiki, na ga ba ta iya ɗaga raket, wato abin bugun ƙwallo, sama da kanta sai ta cije leɓe. Na sa ta ɗaga hannun dama ba komai a ciki, ya tsaya iyakar kunne. Likitan cibiya yana hutu. Na sami Sakatare a rumfar baƙi, na gaya masa yarinyar ba za ta buga ba. Ya ce manyan baƙi sun riga sun zauna, masu ɗaukar hoto sun kafa kayansu, akwai allura a akwatin magani, ai ni ma da ita na ci wasa a zamanina. Na ce masa da ita kuma na gama. Na je wurin alƙalin wasa na cike takardar janyewa, na sa hannu, da ƙarfe goma da kwata. Ban musa na yi haka ba, kuma ban ɗaga wa kowa murya ba. Alƙalin wasa yana nan da ransa, a tambaye shi.

2. Ranar Talata, 20 ga Fabrairu, aka ba ni takardar dakatarwa kan laifin ƙin bin umarni da kunyata Ƙungiya. Takardar ta ce Kwamitin Ladabtarwa zai kira ni cikin kwana ashirin da ɗaya. Yau wata goma sha huɗu da kwana biyu ke nan, ba a kira ni ba.

3. Takardar ta hana ni taka kowane fili na cibiya da yin magana da kowane ɗan wasa. Ta kuma wajabta mini sa hannu a littafin zuwa aiki da ƙarfe takwas na safe da huɗu na yamma, in na yi fashin kwana uku a ɗauka na gudu daga aiki. To, littafin yana ofishin da ke bayan fili na ɗaya, inda aka hana ni bi. Sai Maigadi ya riƙa ɗauko shi yana miƙo mini ta tagar ɗakinsa. Dattijon nan shekara goma sha biyu yana buɗe mini ƙofa kafin in iso. Yanzu kullum in ya miƙo littafin sai ya kau da kai ya ce in yafe masa, shi ɗan aike ne. Na sha gaya masa ba shi da laifi, bai daina faɗa ba.

4. Na bi sawun fayil ɗina har takalmina ya san hanya. Ofishin rajista suka ce yana sashen shari'a. Sashen shari'a suka ce Kwamiti ba zai zauna ba sai an sami rahoton Daraktan Horarwa. Daraktan Horarwa ya yi ritaya tun watan Afrilun bara, ba a naɗa wani ba, kuma mai riƙon kujerar shi ne Sakataren da ya kai ƙarata. Da na nuna musu haka a rubuce, suka amsa da baki cewa mai ƙara ba zai rubuta rahoto a kan wanda ya kai ƙara ba, don haka in jira a naɗa sabo. Ina jira.

5. Ranar 3 ga Yuni, 2024, wata makarantar tanis a ƙasar waje, inda wani tsohon abokin karawata ke shugabanci, ta ba ni aikin koci. Sharaɗinsu ɗaya ne: takardar izinin tafiya daga Ƙungiya, saboda lasisina yana hannunta. Na nema, aka ce ba a ba wanda ake bincike a kansa. Suka jira ni har 31 ga Agusta, sannan suka ɗauki wani. Ban ga laifinsu ba.

6. Ganin haka, ranar 9 ga Satumba na rubuta takardar barin aiki. Ranar 16 aka dawo mini da ita da rubutu da jan biro a kusurwa, cewa ma'aikacin da ke gaban Kwamiti ba ya ajiye aiki sai an yanke hukunci. Ranka ya daɗe, ba a bar ni na yi aikin ba, ba a bar ni na bar shi ba. Gaba kura, baya sayaki. Ko da kora ce, da yanzu na san inda na dosa.

7. Ina jin nauyin sa maganar iyali a takardar ofis, amma ran wanka ba a ɓoyon cibi. A watan Janairu yayana ya kwanta a asibiti a wani gari mai tafiyar yini guda. Na nemi izinin kwana biyar, aka ce wanda zai sa hannu shi ne Daraktan da babu. Na je na kwana ɗaya na juyo don kada in cika ukun. Ya rasu ina cikin mota a hanyar dawowa. Maiɗakina ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, sai dai ta daina tambayata yaya aka yi a ofis. 'Yata ƙarama kuwa, da aka ba su takarda a makaranta su rubuta sana'ar mahaifi, sai ta rubuta wai babanta sa hannu yake yi. Muka yi dariya a gida. Ban gyara mata ba, don ban ga inda ta yi ƙarya ba.

8. Wannan shi ne mafi nauyi, shi ne kuma ya sa na kasa ƙara jira. Tagar ɗakin girkinmu tana kallon fili na biyu, shingen waya ne kawai a tsakani. Kullum da safe ina ganin Walƙiya tana atisaye a hannun sabon koci, wanda ba na zargi da mugunta, sai dai an kawo shi bai san tarihin kafaɗar ba. Yarinyar ta huta wata uku bara ta dawo. Tun farkon Maris ɗin nan na lura ta rage tsawon jifan ƙwallo in za ta fara bugu, tana karkata jiki don kafaɗar ta tsira, kuma tana canja hannu wajen ɗaukar jakarta. Mai kallo zai ce salo ne. Ni na san ba salo ba ne, jiki magayi. Ba za ta faɗa ba, domin ta ga abin da faɗa ya jawo wa wanda ya faɗa a madadinta. In ta zo ɗaukar ƙwallo kusa da shinge takan ɗaga kai ta dubi tagar, ni kuma in ja baya, saboda takarda ta ce kada in yi mata magana. Ranar 6 ga Afrilu mahaifiyarta ta tare maiɗakina a bakin titi tana kuka, ta ce yarinyar ba ta iya taje kanta da hannun dama, ƙanwarta ke yi mata. An sa sunanta a gasar da za a fara ranar 10 ga Mayu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Babban Darakta:

(a) Ya ba da umarni likitan ƙashi wanda ba ma'aikacin Ƙungiya ba ya duba kafaɗar 'yar wasan nan, a ɗauki hoto, kafin 10 ga Mayu, kuma a gaya mata a gaban mahaifiyarta cewa faɗin gaskiyar ciwo ba zai sa a cire ta daga tawaga ba.

(b) Ya sa Kwamitin Ladabtarwa ya zauna, da rahoto ko babu, a kira ni da Sakatare da alƙalin wasa a ɗaki ɗaya. Duk hukuncin da aka yanke zan karɓa.

(c) In zaman ba zai yiwu ba, a karɓi takardar barin aikina, a ba ni lasisina, in kwashe iyalina in bar musu gidan.

Na san ayyuka sun yi wa ofishinka yawa. In guda ɗaya kawai lokaci zai bari a duba, ina roƙon a duba na farko. Nawa zai iya ƙara wata goma sha huɗu, na saba. Nata saura kwana goma sha takwas.

Na haɗa da kwafin takardar dakatarwa, da takardar janyewa daga wasa, da wasiƙuna huɗu na baya, da takardar barin aiki da aka dawo mini da ita.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora.

Naka cikin biyayya,

(sa hannu)
Bahago,
Babban Koci, lasisi mai lamba 0417.