Buhu Takwas a Bayan Motar Baba

Zuwa ga Yaya Mahdi, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku daga sharrin gari da na hanya, Ya sa albarka a nemanku. Mu nan mun gode Allah. Maiɗakina Najiba tana lafiya, 'yar'uwarmu Binta ta zo daga Sabon Gida ta yi mana kwana biyar ta koma ɗakinta. Zafi ya kai inda ya kai, hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa, mun gama sharar gona muna jiran ruwan shuka. Na ba Aƙilu takardar nan ya kawo maka hannu da hannu, domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana, ni kuma wannan karon ina so ka ji ni har ƙarshe.

Ka san Inna ta faɗi a bakin rumbu, ƙugunta ya bugu, wannan na gaya maka tun ranar. Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda muka kai ta gidan likita a Madawa, da abin da ya biyo baya. Maganar ta motar Baba ce, tsohuwar kat-kat ɗin nan mai buɗaɗɗen baya da kake ce mini in sayar wa masu ƙarfe duk lokacin da muka gaisa. Daga can da sauƙin faɗa. Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, kuma ban san mako guda da ban kwanta ƙarƙashinta ba a gindin itacen bedin ƙofar gida. Yau radiyato na yoyo, gobe ƙofa ta ƙi rufuwa sai da igiya, jibi a nemo masu turi. Na gaji da ita, Yaya, gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Amma daga garinmu zuwa Babankatami, inda ake kama hanyar Madawa, babu wata motar da ke hawa dutsen nan ta ƙetare kori, rafin rairayin nan, in ba ita ba, kuma kai ma ka sani.

Kana tune da lam ɗin da Baba ya ƙara mata a baya, faffaɗan ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyi a kan tayoyi. Uku-uku ya ƙara kowane gefe don ta ɗauki albasa da gero ba ta zauna ba. Kuma kana tune da shekarar da aka yi wa Inna aikin ciki, shekara goma sha biyu ke nan, da Baba ya jera buhu takwas a bayan motar, ya shimfiɗa katifa a kai, ya kwantar da ita bisa kaya. Kai ka tsaya gabansa ka ce masa ko ranar da matarsa take tsakanin rai da mutuwa ba zai iya haƙura da kasuwa ɗaya ba. Shi kuwa ya shiga ya tayar da mota. Ni ban buɗe baki ba, amma abin da ka faɗa shi ne a zuciyata, kuma na riƙe shi duk shekarun nan.

To, da Inna ta faɗi, na ce ni ɗanta zan kai ta kamar mutum. Na sauke duk abin da ke bayan motar, har tayar ajiya ta biyu da jarkokin ruwa. Na share, na wanke, Najiba ta shimfiɗa sabuwar katifarmu a ƙasan ƙarfe. Inna tana kwance kan tabarma tana kallona ina wannan hidima. Ba mu yi nisa da gari ba na gane akwai matsala. Motar da aka ɗaure wa lam don buhu ashirin, yau babu komai a kanta sai tsohuwa da surukarta, duk dutsen da ta taka sai bayanta ya yi sama ya dawo. Na rage tafiya har jaki zai wuce mu, bai hana ba. Yaya, Innar da ba mu taɓa jin kukanta ba, ko ranar da aka fita da Baba, na ji ta tana ihu tana kiran uwarta. Najiba ta ce daga baya har mayafi Inna ta cusa a baki tana cizo. Da muka isa gidan likita, lokotoro ya ɗauki hoton ƙashin, ya ce tsagewa ce, ta kwanta kada ta motsa, a dawo da ita ranar Laraba bayan mako uku. Ya ja ni gefe ya ce in ba a dawo an duba yadda ƙashin yake haɗuwa ba, tana iya rasa tafiya har abada. Dawowarmu ta fi zuwan muni. Da muka shigar da ita ɗaki, ta ce in ji da kyau, ba za ta sake shiga motar nan ba, in gurguncewa ce ta gurgunce a ɗakinta.

Sai na ce laifin lam ɗin Baba ne, bari in cire su. Kwana tara na yi a kan wannan aiki. Kusoshin sun yi tsatsa sun zama abu guda da ƙarfen, na jiƙa su da man gazuwal, na gasa su da gawayi, na sa kilen kwance kusoshi na ɗora masa bututu na hau da ƙafa. Ɗaya ya karye ya tafi da farcen babban yatsana, shi ya sa ka ga rubutun nan a karkace. Rana ta tara na samu na cire na gefen hagu, motar ta karkata gefe guda, na dama kuwa ko motsi. Na zauna a ƙasa cikin baƙin mai ina lissafin kwanakin da suka rage, ga hadari kullum yana barazana, in kori ya kawo ruwa kuma zance ya ƙare. Ban ɓoye maka ba, a wurin na yi wa Baba ƙorafi a raina, mutumin da ke kabari, na ce son kayansa ya bar mana wahala.

Ina nan zaune sai ga Baba Kalla, abokin tafiyar Baba na da, wanda yanzu ido ɗaya ya rage masa. Ya jawo kututture ya zauna, ya daɗe yana kallon ƙarafan da na zubar, sannan ya tambaye ni wane ne ya aike ni wannan aikin. Na ba shi labari tun daga farko. Ya yi dariyar da ba ta yi mini daɗi ba, ya ce ashe ɗan direba yana iya girma a gindin mota bai san mota ba. Ya ce kat-kat mai lam da yawa ba ta laushi sai ta ji nauyi, duk wanda zai ɗauki marar lafiya a cikinta sai ya fara danne ta da kaya, ya kuma rage wa tayoyi iska. Sannan ya ce buhunan nan takwas na ranar aikin Inna, shi da Baba suka cika su da hannunsu a bakin kori bayan sallar asuba. Rairayi ne a ciki, Yaya. Buhunan gero ne, amma babu ƙwayar gero ɗaya. A hanyar dawowa suka zazzage su a bayan gari. Na tambaye shi don me Baba bai faɗa ba. Ya ce shi ma ya tambaye shi a hanya, Baba ya ce ba shi da lokacin gardama matarsa na kwance, daga baya kuma ya ji nauyin ya tsaya yana wanke kansa gaban ɗan cikinsa.

Kwana huɗu na ƙara ina mayar da abin da na kwashe kwana tara ina cirewa. Mutanen gari sun samu abin kallo, Najiba ma ta ce da na tambayi tsofaffi tun farko da farcena yana nan. Da na gama, na je kori na cika buhu takwas, na jera su daidai kan tayoyin baya, na rage iska, na ɗora katifa. Na sa kwano cike da ruwa a tsakiyar katifar, Baba Kalla ya zauna kusa da shi, muka hau dutsen nan na hanyar Babankatami muka dawo. Abin da ya zube bai kai kurɓi biyu ba. Na ɗauki kwanon haka na kai wa Inna ɗaki, na fara yi mata bayani, sai ta katse ni ta ce ta sani, ai ita ce ta kwanta a kan rairayin nan, ba wani ba. Na ce to don me ta bar ni na sauke komai ranar. Ta ce ta ga yadda nake share motar ina wankewa, fuskata cike da jin na fi ubana, sai ta kasa. Wannan maganar ta fi farcen ciwo. Daga nan ta tambaya ko buhu takwas ne cif, na ce takwas ne, ta ce to Allah Ya kai mu Laraba.

Mun je, Yaya. Kafin mu kai kori Najiba ta ƙwanƙwasa gilashi ta yi mini nuni, na waiga na ga Inna ta yi barci, bakinta a buɗe. Lokotoro ya ce ƙashi yana kamawa, in ta kiyaye za ta taka da sanda kafin kaka. Muna sauke ta a ƙofar gidan likita, wasu mutum biyu suna zaune a inuwa, na ji ɗaya yana ce wa ɗayan ya dubi wannan, ya ɗoro uwarsa bisa buhunan gero don kada kasuwar Madawa ta wuce shi. Na juya zan ba shi amsa, maganar tana bakina, sai na ga Inna tana jira a ɗauke ta. Na kama gefen katifa.

Ba na neman komai daga gare ka a kan motar, kuma ba zan sayar ba, ka daina tambaya. Abu ɗaya nake so. Ni na je kabarin Baba ranar Juma'a na yi abin da zan iya. Kai da ka yi nisa, in ka idar da salla, ka ambace shi da sunansa, ka san abin da za ka ce.

Ka gaishe mini da Asiya da kyau, da Walid da Hafsa, ka ce musu kakarsu tana tambayar ranar da za ta gan su. Ka gaida Yaƙubu da sauran 'yan garinmu da ke wurinku. Inna tana sa maka albarka, Najiba da Binta suna gaisuwa, Baba Kalla ya ce a gaya maka yana nan da ransa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenka mai farce tara,
Rabi'u