Sandar Birkin Jirgin Katako

Geelong, 3 ga Satumba

Lorna matata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya gwiwar? Ina fatan likita ya bar ki kina ɗan takawa, kuma jikoki ba su cika miki kunne ba. Ni lafiya lau, sai dai shayi ya ƙi daɗi a hannuna.

Ana maganar sake ta da jirgin katakon nan na filin wasan bakin teku, mai hawa da gangara da mutane a kan dogo, wanda na yi shekara talatin ina tsaye a tsakiyarsa riƙe da sandar birki. Masu wurin sun rabu biyu. Wasu na so a rushe a kafa na ƙarfe mai kwamfuta, wasu na so jikokinsu su hau abin da suka hau. Hukuma ta ce sai ta ga mai birki ya zagaya da shi, in ba haka ba a rushe. Narelle, injiniyarsu, ta zo har gida neman taimakona, don abokan aikina duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ban manta alkawarin da na yi miki ba ranar da na faɗo na karya ƙugu, cewa ba zan sake hawa ba. Shawara kawai zan ba su.

Mijinki,
Desmond

11 ga Satumba

Lorna,

Ina gaishe ki, ki shafa mini kan yaran. Ki zauna kafin ki karanta. Na hau.

Jiya da safe sufeton hukuma ya zo, aka cika kujeru da buhunan yashi a madadin mutane. Narelle ta ce, "Tsoho, in ka faɗo ba ni zan kwashe ka ba fa." Na ce, "Ke dai ki riƙe mini hulata." Da katakon ya fara kukansa ƙarƙashin ƙafata, Lorna, har ƙwalla na yi don daɗi.

Amma a kwanar ƙarshe akwai raɓa a kan dogo, kuma raɓa tana son a ja birki da wuri. Kaina ya ce ja, hannu ya makara. Ɗan kaɗan ne, ba wanda ya lura. Sufeto na murmushi ya zaro biro. Na dubi buhunan nan, na tuna gobe 'ya'yan mutane ne za su zauna a wurin. Na ce masa kada ya sa hannu, na gaya masa dalili.

Ya ba mu wata uku Narelle ta koya. Aikin nan ba a koyar da shi daga ƙasa, dole in tsaya bayanta a kan jirgi, ita da sanda, ni da baki. In ban tsaya ba, za a rushe shi.

Na saɓa miki sau ɗaya a ɓoye, kunyarsa ta ishe ni. Litinin za a fara, amma na ce musu jirgi ba zai motsa ba sai amsarki ta iso. In kin ce a'a, ni da kaina zan kai musu saƙon.

Allah ya ƙara sauƙi.

Naki har kullum,
Desmond